Yadda Ake Gane Kuros ɗin Ƙarfe na Jamus: Maƙerinsa, Irinsa da Jabunsa

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin lambobin yabo na sojan Jamus, da Kuros ɗin Ƙarfe yake fara cin karo, wanda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz. Shi ya fi yawa a hannun dillalai, shi kuma aka fi yi wa jabu. Sabon shiga da an miƙo masa sai ya juya shi yana neman tambarin maƙeri, in ya ga haruffa biyu a jikin zoben da ake rataya shi da shi sai hankalinsa ya kwanta. A nan ake cin kuɗinsa. Tambari ba ya buƙatar komai sai ɗan guntun ƙarfe da guduma, kowa na iya buga shi a kan kayan jiya. Abin da ke gagarar mai jabu shi ne ƙirar kanta: yadda aka haɗa kuros ɗin, da irin ƙarfen bugun da ya fitar da shi. Saboda haka tambari sai can gaba za mu kai gare shi.

Mataki na ɗaya: san wane zamani ke hannunka

Sau huɗu aka ba da wannan lamba. Sarkin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na da, Friedrich Wilhelm na Uku ne ya ƙirƙiro ta a 1813, lokacin yaƙin korar Napoleon, kuma mai zanen gine-gine Karl Friedrich Schinkel ya daidaita siffarta. Aka sabunta ta a 1870 don yaƙi da Faransa, aka sake a Agustan 1914, sannan Hitila ya dawo da ita ranar 1 ga Satumban 1939.

Na 1813 fuska ɗaya lami take, ba komai a kanta. Ɗayar kuma akwai kambi da haruffan FW a sama, ganye uku na bishiyar da Jamusawa ke kira Eiche a tsakiya, da 1813 a ƙasa. Na 1870 da na 1914 sun riƙe wannan a baya, a gaba kuma suka sa kambi, da harafin W a tsakiya, da shekarar a ƙasa. Kada 1813 ɗin da ke baya ya ruɗe ka, shekarar kafuwa ce kawai. Shekarar gaba ce ke gaya maka zamanin. Na 1939 yana da alamar Nazi a tsakiya, bayansa kuma 1813 ne kaɗai, ba kambi ba ganye.

Kowane zamani yana da daraja ta biyu da ta ɗaya. Daraja ta biyu tana da zobe, ana rataya ta da ƙyalle. Daraja ta ɗaya ba ta da zobe, bayanta faranti ne mai allura, ana maƙala ta a hagun ƙirji.

Riƙe waɗannan alƙaluma a kanka, don suna gaya maka inda haɗari yake. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ba da daraja ta biyu sama da miliyan biyar, daraja ta ɗaya kimanin 218,000. A yaƙin 1870 kuwa daraja ta biyu ba ta wuce dubu arba'in da 'yan kai ba, daraja ta ɗaya kimanin 1,300 kacal. Wanda ya kawo maka na 1914 daraja ta biyu, mai yiwuwa ne ƙwarai na gaskiya ne. Wanda ya kawo maka na 1870 daraja ta ɗaya da araha, fara da zargi.

Mataki na biyu: kayan aiki

Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki goma. Mayen ƙarfe ƙarami. Sikelin masu zinare mai auna giram. Ma'aunin milimita mai baki biyu irin na masu gyaran inji. Fitilar duba jabun kuɗi. Da hasken rana, kusa da taga. Hasken ƙwan lantarki yana ɓoye abubuwa da yawa.

Mataki na uku: gida uku ne ko guda?

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Kuros na asali gida uku ne. Akwai zuciya ta baƙin ƙarfe da aka baƙanta, sannan firam biyu na azurfa, gaba da baya, aka sa zuciyar a tsakani aka liƙe su. A daraja ta ɗaya, farantin baya ne ke maye gurbin firam na biyu.

Fara da gefe. Juya kuros ɗin ka dubi kaurinsa da gilashi. Za ka ga siririn layi yana bin gefen, wurin da firam biyun suka haɗu. A aikin ƙwararren maƙeri layin kan yi siriri har ya ɓace a wasu wurare, amma in ka bi shi a hankali za ka same shi, musamman a lungunan da hannuwan kuros suka haɗu. Layin liƙi kwance yake, wani lokaci ma ya ɗan buɗe saboda tsufa. Layin da zubi ke bari kuwa a tashe yake, ko kuma ka ga sawun zarto inda aka goge shi.

Sannan dubi wurin da baƙi ya haɗu da fari. Tun kafin haɗawa ake yi wa zuciya baƙinta, don haka baƙin ya kamata ya shige ƙarƙashin firam. In ka ga fenti ya hau kan haƙoran firam, wato ƙananan tsage-tsagen da suka kewaye zuciya, ko ya cike lungu kamar an shafa da buroshi, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko guda ne aka zuba aka yi masa fenti, ko kuma na gaskiya ne wani ya sake fente shi. Ɗauki kusurwar takarda marar kauri ka gwada cusa ta tsakanin zuciya da firam. A mai gida uku takan ɗan shiga a wani wuri. Wasu ma in ka girgiza su kusa da kunne za ka ji zuciyar tana motsi, wannan ba aibi ba ne.

Yanzu kawo mayen ƙarfe. Zuciya ta kama, firam kada ya kama. Amma a yi hattara da wannan gwaji, domin mutane sun ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Masu jabu sun daɗe da sanin ana yin sa, sun koma yin gida uku da zuciyar ƙarfe. A ɗaya gefen kuma akwai na gaskiya masu zuciyar tagulla da maye ba ya kamawa, musamman cikin waɗanda sojoji suka saya da kuɗinsu da kuma na farkon 1939. Haka nan tsakanin yaƙoƙin biyu an ƙera wasu guda ɗaya don tsofaffin sojoji. Maye yana kore jabun banza ne kawai, ba ya tabbatar da na kirki.

Awo kuma: na 1914 daraja ta biyu yawanci milimita 42 zuwa 43 ne, nauyinsa wajen giram 15 zuwa 18. Na 1939 ya ɗan fi girma, milimita 44. Abin da aka kwafa ta hanyar zubi kullum yakan ɗan gaza na asali, saboda ƙarfe na tsukewa in ya huce.

Mataki na huɗu: bugu ko zubi

Firam na gaskiya bugawa aka yi da injin matsa, daga fallen azurfa. Waɗannan ƙananan haƙora da suka kewaye zuciya suna fitowa tsaf, kowanne a rabe da ɗan'uwansa, masu kaifi, sai inda hannu da riga suka cinye su. A kwafin zubi haƙoran sukan narke cikin juna, za ka ga ƙananan ramuka kamar na kumfa, ko ƙurarraji a wuraren da ya kamata su zama sumul. Lura da inda lalacewa take. Tsufa na gaskiya yana cin wuraren da suka fi tashi: saman kambi, ƙafafun W, kusurwoyi. In laushin ya game ko'ina har cikin lunguna, daga mazubi ya fito haka.

Zuciyar kanta ta bambanta da zamani. Na 1813 da na 1870 zuba su aka yi da baƙin ƙarfe, don haka ɗan kaushi a fuskarsu daidai ne, kuma sukan tsage tunda ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa. A 1914 akwai na zubi akwai na bugu, kuma da yaƙi ya yi tsawo azurfa ta yi wuya, sai aka ga firam na wani ƙarfe da aka yi wa ruwan azurfa. Na 1939 mafi yawansu firam ɗin Neusilber ne, gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda babu azurfa a cikinsa ko kaɗan duk da sunansa.

Dubi tsatsa da kyau. Tsatsar shekara ɗari daga ƙarƙashin fenti take tasowa, ta ɗaga shi, launinta ya yi duhu. Tsatsar da aka yi da ruwan gishiri ko asid a sama take zaune, ja ce jawur, takan bar gari a yatsa. Sansana shi ma. Warin sabon fenti ko na sinadari bai kamata ya fito daga kayan 1914 ba.

Mataki na biyar: gano maƙeri ta hanyar ƙirarsa

Kowane kamfani yana da nasa ƙarfen bugu, kuma da hannu aka sassaƙa shi, don haka babu biyu da suka zo ɗaya. Kamar yadda malami ke gane allon kowane almajiri ba tare da an rubuta suna ba, haka wanda idonsa ya saba yake gane aikin kamfanin Godet ko na Wagner tun kafin ya duba zobe.

Ga yadda ake koyon wannan. Nemi hoto mai kyau na kuros da masana suka amince da shi, na maƙerin da kake zato. Kundayen gwanjo na gidaje irin su Künker da ke Osnabrück da Hermann Historica na yankin Munich suna da amfani, haka ma wallafe-wallafen ƙungiyar Deutsche Gesellschaft für Ordenskunde. Ajiye hoton kusa da naka, ka bi su wuri-wuri. Fara da lungunan ciki guda huɗu, inda layukan haƙora ke haɗuwa: wasu maƙera haƙoransu na haɗuwa da tsini, wasu a daƙile, wasu a karkace. Sannan kambi: faɗinsa, tsayinsa, yawan ƙwayoyin da ke kan bakansa. Sannan lambobin shekara, musamman wutsiyar 9 da yadda 4 ya rufe. Sannan harafin W, ko ƙafafunsa na tsakiya sun gitta ko sun tsaya.

Mafi ƙarfin shaida ita ce aibin ƙarfen bugu. In ya tsage ko ya ɓantare, duk kuros ɗin da ya biyo baya zai fito da ɗan layi ko ƙulli a daidai wurin nan. Samun wannan aibi da kaifinsa a naka babbar hujja ce. In yana nan amma ya yi laushi ya dushe, mai yiwuwa an kwafi na asali ne har da aibinsa.

Wani abu da ke rikita sabon shiga: kamfanoni da dama ba su ke yin zuciya da kansu ba, saye suke yi daga wani. Don haka zuciya iri ɗaya kan bayyana a firam na maƙera daban-daban. Ni a wurina firam ya fi zuciya faɗin gaskiya game da maƙeri, a daraja ta ɗaya kuma allura da gwiwarta da ƙugiyar da take shiga suna ƙara haske, tunda kowane kamfani yana da yadda yake yanka su.

Mataki na shida: sai yanzu tambari

A daraja ta biyu tambari yana jikin babban zoben da ƙyalle ke ratsawa. A daraja ta ɗaya yana kan farantin baya, ko ƙarƙashin ƙugiya, ko a jikin allura. Da yawan na gaskiya ba su da tambari sam, rashinsa ba laifi ba ne.

Cikin na 1914 za ka riƙa ganin S-W na Sy & Wagner, WS na Wagner & Sohn, G na Godet, Fr na Friedländer, AWS na A. Werner & Söhne, dukansu na Berlin. KO ya fi kowanne yawa. An daɗe ana danganta shi da ma'aikatar buga kuɗi ta sarki, wasu masu bincike kuma suna cewa kamfani ne na garin Oberstein. Lambobi kamar 800, 900 ko 935 ba sunan kowa ba ne, ma'aunin azurfa ne cikin dubu.

Wannan ma'auni yana taimakawa wajen kama ƙarya a kan na 1870. Sai daga 1888 tsarin dubu, tare da alamar jinjirin wata da kambi, ya zama doka a duk Jamus. Kafin nan da Lot ake awo, inda 16 ke nufin tsantsa, shi ya sa a bayan wasu na daraja ta ɗaya na Wagner ake ganin 14, wato 875. Kuros mai 1870 da ke ɗauke da jinjirin wata da kambi ba a lokacin yaƙin aka ƙera shi ba. Yana iya zama na kirki da tsohon soja ya saya daga baya, misali wajen 1895 lokacin da aka ba masu wannan lamba ɗan ganyen azurfa mai 25 don cika shekara ashirin da biyar. Amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka bayar a fagen daga, kuma shi kansa ganyen 25 ɗin ana yawan yi masa jabu. Wata dabara da aka sani ita ce a ɓare firam na 1914 mai araha, a cire zuciyarsa a sa sabuwa mai 1870, a sake liƙewa. Alamarta ita ce liƙi mai kauri da datti a gefe, da zuciyar da ba ta zauna daram a firam ba.

Na 1939 da lambobi ake gane su, kuma iri biyu ne. Lamba zalla ta ofishin fadar shugaban ƙasa ce, ga kayan da gwamnati ta yi oda: 1 Deschler na Munich, 2 Juncker na Berlin, 3 Deumer da 4 Steinhauer & Lück duka na Lüdenscheid, 20 C.F. Zimmermann na Pforzheim, 65 Klein & Quenzer, 100 Wächtler & Lange. Mai harafin L kuwa daga 1941 ya fara, ga kayan sayarwa a shago: L/11 Deumer, L/12 Juncker, L/13 Meybauer, L/16 Steinhauer & Lück. Kamfani ɗaya yana da lamba biyu ke nan. Kuma in ka ga kuros mai 1914 da tambarin L, ka san an yi shi ne bayan 1941 don tsohon soja. Yi taka-tsantsan da L/58 na Rudolf Souval da ke Viyana, domin kamfanin ya ci gaba da ƙera irin waɗannan kaya bayan 1945.

Tambayar da za ka yi wa kowane tambari ɗaya ce: ya dace da firam ɗin? In zobe ya ce 65 amma haƙora da lambobi ba na Klein & Quenzer ba ne, firam za ka gaskata. Leƙa cikin ramin tambarin da gilashi. Ya kamata ya yi duhu daidai da sauran jikin. Rami mai ƙyalli a jikin zobe mai duhu sabon bugu ne. Duba kuma ko an yanke zoben an sake liƙe shi, don ana ɗauko zobe mai tambari daga wani wuri.

Ire-iren da ba jabu ba ne

Kada duk abin da ya saɓa wa na littafi ka ce jabu. Daraja ta ɗaya da gwamnati ta bayar a 1914 shimfiɗe take, amma hafsoshi sun sayi masu doro, da masu faifan murɗawa a madadin allura. Akwai ƙarami da ake kira Prinzen. A farkon 1939 wasu kamfanoni sun yi amfani da tsofaffin firam na 1914, sai kuros ya fito ƙarami da siraran hannuwa, masu tarawa suna ce masa Schinkel. Akwai wanda 3 ɗin shekararsa zagayayye ne, akwai kuma wanda ya zarce milimita 44. Sai na 1957, lokacin da dokar Jamus ta Yamma ta yarda tsofaffin sojoji su sa lambarsu ba tare da alamar Nazi ba, aka sa ganyen Eiche a gurbinta. Abin lura shi ne duk irin da ya fi wuya ya fi tsada, kuma shi masu jabu suka fi bi.

Ƙyalle, takarda da labari

Ƙyallen 1813, 1870 da 1914 baƙi ne da ratsin fari biyu. Fari mai ratsin baƙi na waɗanda ba su shiga fagen daga ba ne, kuma da yake ba shi da yawa, ana ɗaura shi a kan kuros na kowa don a ƙara kuɗi. Na 1939 ja ne a tsakiya, sai fari, sai baƙi. Haska farin da fitilar duba kuɗi a cikin duhu. Zaren zamani yakan yi shuɗin haske saboda sinadarin ƙara fari da ya yaɗu bayan Yaƙi na Biyu. Sai dai tsohon ƙyalle da aka wanke da omo shi ma zai haska. Kuma ƙyalle abin canzawa ne, ba ya wanke kuros, ba ya kuma kashe shi.

Wanda ya taɓa riƙe lambar Ingila ta Yaƙin Ɗaya, irin wadda aka ba sojojin Najeriya, ya san ana buga suna da lambar soja a gefenta. Kuros ɗin Jamus ba haka yake ba: babu suna, babu lamba. Takardar shaida ce kaɗai ke ɗauke da sunan mai shi, kuma ba abin da ke ɗaure wata takarda da wani kuros sai amana. Sunan da aka zana a bayan daraja ta ɗaya mai shi ne ya kai aka zana, ko kuma wani dillali ya ƙara jiya. Duba cikin zanen kamar yadda ka duba tambari. Jamus ta mulki Kamaru daga 1884, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, sansanin dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Don haka wani na iya ce maka daga can kayansa ya fito. Saurari labarin, amma kuɗin ƙarfen kaɗai za ka biya, sai in akwai takarda ko hoto da ke tsaya masa.

Game da na 1939 ina da magana. Alamar da ke tsakiyarsa ta gwamnatin da ta kashe Yahudawa miliyan shida ce da wasu miliyoyin mutane, wadda kuma ta ɗauki baƙar fata ba cikakken mutum ba. Mai ajiye shi ya ajiye shi a matsayin shaidar tarihi, ba abin ado ko alfahari ba. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuffuka ya hana nuna alamar a fili sai don ilimi da bincike da makamantansu, shi ya sa dillalan can ke rufe ta a hoto. Binciki dokar ƙasar da kayan zai fito da wadda zai shiga. Babbar darajarsa da ake ratayawa a wuya, Ritterkreuz, mutum dubu bakwai da 'yan kai aka ba, jabunta sun ninka haka; sabon shiga ya bar ta tukuna.

Kafin ka biya, da bayan ka biya

In daga nesa za ka saya, nemi hoton gaba, baya, gefe huɗu, zobe ko allura, a hasken rana, tare da awo da nauyi. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton gefe, rabu da shi. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za ka iya mayarwa in masani ya ce ba na asali ba ne. Shawarata ita ce ka fara da na 1914 daraja ta biyu, marar tambari ma, daga dillalin da aka sani. Ba shi da tsada, kuma mako guda da shi a ƙarƙashin gilashi zai koya wa idonka abin da hoto ɗari ba zai koya ba.

In ya zo hannunka kada ka goge azurfar, kada ka sake masa fenti, kada ka wanke ƙyallen. Duhun nan na daga cikin shaidarsa, goge shi na rage masa kuɗi. Share ƙura da buroshi mai laushi ya isa. Danshi ne ke kashe zuciyar ƙarfe, don haka da damina sa shi a akwati mai rufi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi, ka riƙa canza su. Rubuta a ɗan kati inda ka saya, ranar, awonsa, nauyinsa da maƙerin da ka gano, ka ajiye tare da shi.